Yadda Sauya Shasin Tsohuwar Land Rover a Gida Ya Zama Al'ada a Birtaniya

Kamfanin Land Rover ya daɗe yana bugun ƙirji da cewa kusan kashi 70 cikin 100 na motocin da ya taɓa ƙerawa suna nan da ransu, suna aiki. Ko da mutum ya karɓi wannan lissafi bai tambayi yadda aka yi shi ba, akwai abin da lissafin ya yi shiru a kai. Da yawa daga cikin tsofaffin motocin nan da ake gani a ƙauyukan Birtaniya ba a kan ƙarfen da suka baro masana'anta da shi suke tafiya ba. Shasinsu na asali, wato dogon ƙarfen nan na ƙasa da inji da giya da tayoyi da bodi duk suke ɗaure a jikinsa, tsatsa ta cinye shi tuntuni, an yanyanka shi an kai wa masu sayen tsohon ƙarfe. Wanda ke ƙarƙashinsu yanzu sabo ne, kuma sau da yawa mai motar ne ya sa shi da hannunsa, a harabar gida ko a rumfar ajiye kayan gona, da jak da sifana da taimakon abokai a ranar ɗaga bodi. A ganina tsawon ran da ake yaba wa wannan mota aikin masu ita ne fiye da aikin kamfanin da ya ƙera ta. Abin da kamfanin ya yi, kuma ba da niyya ba, shi ne ya haɗa ta ta hanyar da talaka mai haƙuri zai iya kwance ta ya sake ɗaurewa. Rashin kuɗi da rashin ƙarfe ne suka tilasta masa yin haka.

A shekarar 1947 kamfanin Rover yana cikin tsaka mai wuya. Bama-baman Jamus sun lalata masana'antarsa ta Coventry lokacin yaƙi, ya koma Solihull, cikin wata ƙatuwar masana'anta da aka gina don ƙera injunan jiragen sama. Wuri ya samu, ma'aikata sun samu, amma ƙarfe babu. Gwamnati ce ke raba ƙarfe a lokacin, kuma tana ba kowane kamfani ne gwargwadon kayan da yake sayarwa a ƙasashen waje, domin ƙasar na neman kuɗin musaya ido rufe. Motocin Rover kuwa na alfarma ne, irin na likitoci da lauyoyin Ingila, ba su da kasuwa sosai a waje. Maurice Wilks, babban injiniyan kamfanin, yana da gona a tsibirin Anglesey inda yake aiki da wata tsohuwar Jeep ta sojojin Amurka. Shi da wansa Spencer, wanda ke shugabancin kamfanin, suka ga cewa mota irin wannan, wadda za ta yi noma ta yi dako ta kuma hau titi, za ta sayu a ko'ina. Gwajin farko ma a kan shasin Jeep aka ɗora shi, kuma daga nan aka gaji tazarar inci 80 tsakanin tayoyin gaba da na baya. An nuna motar ga duniya a bikin baje kolin motoci na Amsterdam ranar 30 ga Afrilu, 1948, a kan fam 450. Niyyar kamfanin ita ce ta riƙe shi na ɗan lokaci kafin al'amura su daidaita. Cikin 'yan shekaru sai ga ta ta fi motocin alfarmar kasuwa.

Wanda ke ƙera abin wucin gadi ba ya zuba kuɗi a manyan injunan matse ƙarfe, kuma a nan ne asalin labarin yake. Don a fitar da dogon ƙarfen shasi mai lanƙwasa a bugu ɗaya ana buƙatar inji da ma'auni masu tsadar gaske. Injiniyoyin Rover suka kauce wa wannan: suka yanko falle huɗu na miƙaƙƙen ƙarfe, suka haɗa su da walda a kusurwoyi huɗu, ya zama dogon akwati mai rami a ciki. Biyu irin wannan a jere, da gajerun ƙarafa da suka gitta tsakaninsu, shi ne abin da ake kira shasin tsani. Bodin kuma aka yi shi da Birmabright, wani haɗin alminiyam da ba ya cikin rabon gwamnati, aka bar shi a shimfiɗe, lanƙwasa kaɗan, yadda ma'aikaci zai iya naɗe shi da ƙaramin inji. Sai aka ɗaure kowane ɓangare a kan shasin da noti. Ya kamata a tuna cewa a wannan shekara ta 1948 ne Morris Minor ta fito, motar da bodinta da shasinta abu ɗaya ne da aka haɗe da walda, kuma nan ne duniyar ƙananan motoci ta dosa tun daga Lancia Lambda ta 1922 da Citroën Traction Avant ta 1934. Land Rover ta koma tsohon tsari ne a daidai lokacin da sauran ke barinsa. Sakamakon shi ne mota mai rabi biyu da ba sa tsufa tare: na sama alminiyam ne da ke iya shekara 60 bai huje ba, na ƙasa kuwa ƙarfe ne mai rami wanda fenti bai taɓa shiga cikinsa da kyau ba. Akwai wani abin takaici a tarihin. Motoci 48 na gwaji da aka fara yi kafin a buɗe kasuwa, shasinsu an tsoma shi a tutiya don kada ya yi tsatsa. Da aka zo ƙera na sayarwa sai aka koma fenti.

Akwatin ƙarfe yana da ƙarfi ƙwarai wajen jure murɗawa, shi ya sa motar ke hawa duwatsu ba ta karye ba. Amma daga ciki yake ruɓewa. Taɓo da ruwa suna shiga ta ramukan da aka bari, su kwanta a ƙasan akwatin, ba rana ba iska, su yi wata da watanni ba su bushe ba. Ga kuma gishiri. Duk lokacin hunturu hukumomin Birtaniya suna watsa gishirin dutse a tituna don narkar da ƙanƙara, akasarinsa daga mahaƙar Winsford da ke Cheshire, kuma ruwan gishiri yana cin ƙarfe fiye da ruwan sama nesa ba kusa ba. Motar manomi kuwa tana ƙara kashin shanu a kai. Masu wannan mota sun haddace wuraren da abin ke fara bayyana: ƙarfen ƙarshe na baya inda ake ɗaura tirela, da fukafukan da suka fito gefe suna ɗauke da bodi da tankin mai, da ƙahonnin gaba inda bamba da sifirin suke kamawa. Daga waje za ka ga baƙin fenti lafiya lau. Ka ɗan buga da guduma, maimakon ƙarar ƙarfe sai ka ji wani dum, ɓawon tsatsa ya zubo, wani lokaci kan gudumar ya shige ciki. Allon da ke tsakanin inji da direba, wanda ƙofofi da gilashin gaba da sitiyari suke jikinsa, shi ma na ƙarfe ne, kuma yakan bi sahu. Inda alminiyam ya taɓa ƙarfe cikin danshi kuma, alminiyam ɗin ne ke zama farin gari.

Da ba don doka ba, da yawancin manoma sun ci gaba da tuƙa motocinsu har ranar da suka rabe biyu. A 1960 aka kawo gwajin lafiyar mota na shekara-shekara da ake kira MOT. Da farko motocin da suka kai shekara 10 kawai ya shafa, kuma birki da fitilu da sitiyari ake dubawa. A 1967 aka sauko da shi zuwa shekara 3, a 1977 kuma aka sa duba lafiyar shasi da bodi a ciki. Ƙa'idar da aka zauna a kai ita ce, tsatsar da ta raunana ƙarfe a cikin santimita 30 daga inda sifirin ko sitiyari ko birki ko bel ɗin kujera yake kamawa ta isa ta kayar da mota. Daga nan aka shiga zamanin faci. Kowace shekara mai mota zai kai ta wurin mai walda a liƙa wani ɗan ƙarfe a kan ramin da mai gwaji ya nuna, baɗi a liƙa wani kusa da shi, har shasin ya zama faci a kan faci, alhali cikinsa na ci gaba da ruɓewa. Sai masu sayar da kayan gyara suka fara kawo gutsattsari: sabon ƙarfen baya, sabon fiffike, har rabin shasi ko rubu'insa. Mataki na gaba a bayyane yake. Tunda asalin shasin miƙaƙƙen ƙarfe ne da walda, duk wata ƙaramar maƙera da ke da ma'auni daidai da gwanin walda za ta iya yin sabo sukutum. Haka kamfanoni irin su Richards Chassis da ke Yorkshire da Marsland suka samu gindin zama, suna sayar da shasi na kusan kowane samfuri, daga mai inci 80 zuwa masu inci 88 da 109 da suka zo a 1956, har zuwa Ninety da One Ten na shekarun 1980 waɗanda aka raɗa wa suna Defender a 1990. Dabarar da Rover ya yi don ya tsere wa tsadar injuna ita ce ta ba ƙananan maƙera damar kwaikwayonsa. Da shasin matsattsen ƙarfe ne mai lanƙwasa iri-iri, da babu mai iya yin sa sai wanda ke da jarin masana'anta.

Abin da ya sa sauyin ya zama mai ma'ana shi ne tutiya, farin ƙarfen nan da ake lulluɓe kwanon rufi da shi. Dabarar tsohuwa ce, wani injiniya a Faransa mai suna Stanislas Sorel ya yi mata rajista tun 1837. Ana wanke shasin da ruwan asid har sai ƙarfen ya fito tas, sannan a nutsar da shi gaba ɗaya a cikin kwatarnin narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450. Ruwan tutiyar yana shiga cikin akwatin ta ramukan da aka huda musamman, ya bi kowane lungu, ya haɗe da fuskar ƙarfen ciki da waje. Ko an ƙwarzane wani wuri, tutiyar da ke kewaye ce ke fara lalacewa a madadin ƙarfen. Wato cikin akwatin, inda cutar take tun 1948, ya samu magani. Sau da yawa kuma sabon shasin ya fi na asali kauri.

Aikin kansa ba ya buƙatar wata gwaninta ta musamman, amma yana cin haƙuri. Ana ajiye sabon shasin kusa da motar a kan turakun ƙarfe. Wasu sukan kwance bodin ɓangare-ɓangare: rufi, ƙofofi, bonet, fukafukan gaba, ƙasan taku, akwatin kujeru, sannan kwandon baya. Wasu kuma sukan zura katakai masu kauri a ƙarƙashinsa su ɗaga shi a dunƙule, su gangaro da tsohon shasin daga ƙasa. Ko wace hanya aka bi, notina ne ke cin lokaci. Notin da ya shekara 40 cikin ruwan gishiri ba ya jin sifana. Sai an jiƙa shi da mai kwana da kwanaki, ko a gasa shi da wuta, ko a haƙura a yanke shi. Tsofaffin samfuran ma sun haɗa ma'aunin noti fiye da ɗaya a mota guda, na tsohon tsarin Ingila da na inci na baya da na milimita, don haka sifana iri ɗaya ba ta isa. A tsofaffin samfuran da ake kira Series akwai wani ɗan ƙarfen sitiyari da ke zaune cikin rami a ƙarfen gaba na shasi, wanda ya yi ƙaurin suna wajen ƙin fita. Mutane da yawa sukan ƙare da yanke ƙarfen da ke kewaye da shi, tunda dai tsohon shasin na bola ne. Bayan an gama kwancewa sai a fara gini daga ƙasa: sifirin da ƙafafun gaba da baya, a sa tayoyi, a ɗauko inji da giya da ƙugiyar ɗaga inji a dire su a mazauninsu, a ja sababbin bututun birki da na mai. Wayoyin fitilun baya ta cikin ramin shasin suke bi, don haka akan fara zura igiya ko siririyar waya a jawo su da ita.

Ƙananan abubuwa ne ke bambanta aikin kirki da na gaggawa. Tutiya takan toshe ramukan noti ta cike zarensu, dole a bi su ɗaya bayan ɗaya a buɗe kafin a ɗora komai. Zafin kwatarnin yakan ɗan karkatar da ƙarfe, don haka ramin da ya kamata ya dace yakan kauce da 'yan milimitoci. Notinan sifirin ba a ƙarasa ɗaure su sai motar ta sauka da nauyinta a kan tayoyinta, in ba haka ba robobin ciki za su murɗe su yage da wuri. Tsakanin alminiyam da ƙarfe ana sa roba ko wani shafi don kada su taɓa juna. Mafi wuya shi ne daidaita allon gaba da kwandon baya, domin tazarar da ke tsakaninsu ita ce gurbin ƙofa. Akan ja zare daga gaba zuwa baya a bi layin bodin da ido, a ƙara washa a nan a rage a can, a rataya ƙofa a sauke, har sai ta rufu da turi ɗaya. Kuma kusan babu wanda ya taɓa tsayawa a shasi kaɗai. In inji ya fito fili, sai a ga ai gara a sauya kulochi yanzu. In allon gaba ya sauka, sai a ga ƙafafunsa sun ruɓe. Aikin da aka yi wa lissafin makonni yakan kai shekara. Littattafan gyara na kamfanin da na Haynes, da ƙungiyoyin masu irin motar, da mujallu irin su Land Rover Owner, su ne suka mayar da wannan ilimi abin da malamin makaranta ko ma'aikacin gidan waya zai iya koya.

Mai suka zai ce duk wannan yabon gazawa ne. Kamfani ya sayar da mota mai shasin da ya san zai ruɓe, ya ci gaba da haka kusan shekara 68, sannan masu saye suka biya kuɗin gyara daga aljihunsu suna murna. Wannan suka gaskiya ce, kuma bai kamata a sassauta ta ba. Wanda ya tsoma shasin motoci 48 a tutiya a 1948 ba zai ce bai san maganin ba. A Amurka da irin wannan ta faru da Toyota, kamfanin ne ya ɗauki nauyi: a 2008 ya yi tayin sayen tsofaffin Tacoma da shasinsu ya ruɓe a kan ninki ɗaya da rabi na darajarsu, a 2016 kuma ya amince da sulhun da aka ƙiyasta zai iya kai dala biliyan 3.4, wanda ya shafi motoci kusan miliyan 1.5 na Tacoma da Tundra da Sequoia. Amma a duba abin da misalin ke nunawa. An iya sauya wa waɗancan motoci shasi ne saboda su ma shasinsu daban yake da bodi. Kuma alkawarin kamfani yana da wa'adi. In shekarun da aka yanka suka wuce, mai mota ya koma shi kaɗai. Laifin tsatsa na kan kamfanin Land Rover, ban wanke shi ba. Abin da nake cewa shi ne, duk ƙarfen da ke yawo cikin gishiri zai ruɓe wata rana, kuma a ranar abin da zai raba motar da za ta rayu da wadda za a niƙe shi ne ko ɓangaren da ya ruɓe yana kwantuwa. Miliyoyin ƙananan motocin Birtaniya na shekarun 1960 da 1970 sun tafi bola da injuna masu lafiya saboda nasu ba ya kwantuwa.

Suka ta biyu ta fi zurfi: in an sauya shasi, anya motar ita ce? A dokar Birtaniya shasi ne ke ɗauke da sunan mota, a jikinsa ake buga lambarta. A da, hukumar rajistar motoci ta DVLA ta shafe shekaru tana aiki da wani tsarin maki ga motocin da aka yi wa babban sauyi: shasi maki 5, sifirin 2, ƙafafu 2, giya 2, sitiyari 2, inji 1, kuma sai mota ta haɗa 8, ciki har da biyar ɗin shasi, kafin ta riƙe lambarta. Muhimmin abin shi ne hukumar ta yarda sabon shasi mai fasali ɗaya da na asali ya tsaya a matsayin na asali. A wancan tsarin, wanda ya ɗauko shasin wata motar na hannu, ko ya yanke nasa ya sauya masa tsawo, shi ne ya riƙa fuskantar sabon gwaji da lambar da ke farawa da harafin Q, wadda ke karya darajar mota. Ba don wannan sassauci ga sabon shasi ba da al'adar ba ta kafu ba, domin ba mai kashe dubban fam a kan motar da za ta rasa takardunta. Gaskiya ne sassaucin ya buɗe ƙofar zamba. Shekaru da yawa motocin da aka ƙera kafin 1 ga Janairu, 1973 ba sa biyan harajin hanya, sai wasu suka riƙa ɗaukar takardun tsohuwar mota suna liƙa wa sabuwa, ko ma wadda aka sato. A Amurka, inda doka ta hana shigo da irin waɗannan motoci sai sun cika shekara 25, jami'an gwamnati sun ƙwace Land Rover kusan 40 a 2014 bisa zargin an yi musu ƙaryar shekaru, ko da yake daga baya an mayar wa da yawa daga cikin masu su. Amma maganin zamba shi ne shaida: rasiɗin sabon shasi, hotunan aikin, da yanyanka tsohon don kada lamba ɗaya ta hau motoci biyu. Masu aikin tsakani da Allah sun daɗe suna yin haka. Shi kuwa mai son kayan tarihi da ke cewa shasin 1950 da aka yi wa faci ya fi sabo daraja, yana da gaskiya a kan 'yan motoci ƙalilan da suka cancanci gidan tarihi. Sauran an ƙera su ne don aiki, kuma manomin da ya saye su tun farko bai taɓa ɗaukar wani ƙarfe a jikinsu abin da ba a taɓawa ba.

Batun haɗari shi ne ya fi damuna, kuma a nan ba na ba masu al'adar gaskiya duka. Wanda ya sauya shasi ya kwance birki da sitiyari da bututun mai gaba ɗaya ya mayar, kuma kuskure ɗaya a cikinsu na iya kashe wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Bodin da aka ɗora a kan turakun da ba su zauna daidai ba yana iya danne mutum, hayaƙin walda a kan tutiya kuma yana sa zazzaɓi. Tun daga Mayun 2018 motar da ta wuce shekara 40 ba dole ba ne ta je gwajin MOT in ba a yi mata babban sauyi ba, kuma sabon shasi mai fasalin na asali ba ya cikin abin da ake ƙirgawa babban sauyi. Ma'ana mutum zai iya wargaza motar 1975 har ƙasa, ya haɗa ta shi kaɗai, ya hau titi ba tare da wani ido na biyu ya duba ba. Wannan giɓi ne, kuma mai hankali yakan kai motarsa gwajin ko da doka ba ta tilasta masa ba. Sai dai a auna da abin da ake gudu. Shasin da aka yi wa faci goma yana iya sakin sifirin a kan gudu, ko ƙarfen baya ya fizge da tirela a bayansa. Sauya shasi yakan zo da sababbin bututun birki da robobi da notina, abubuwan da ba don shi ba da ba za a taɓa su ba. Abin da ba ya gyarawa shi ne tsarin motar: ba ta da jakar iska, ba ta da gaban da ke lotsewa ya shanye karo. Rashin jakar iskar na cikin abin da ya fitar da Defender daga kasuwar Amurka bayan 1997. Sabon shasi yana mayar da ita yadda take a da ne kawai.

Ta fuskar kuɗi, maganar gajera ce. In za a biya gareji, kuɗin aiki yakan kai na shasin ko ya fi, kuma a shekarun da tsohuwar Series ba ta da wata daraja a kasuwa lissafin ba ya fita sam. Yana fita ne kawai in mai motar bai sa wa lokacinsa farashi ba, shi ya sa tun asali aikin ya zama na gida.

Cewa yanayi da doka ne suka haifi al'adar, ana iya ganinsa daga inda ba ta kafu ba. Land Rover ta yi aiki shekaru da yawa a arewacin Najeriya da Nijar, a hannun jami'an mulki da 'yan sanda da ma'aikatan lafiya da na gona, da masu ratsa hamada ta Agadas. A can ba a watsa gishiri a titi, iska kuma a bushe take yawancin shekara, don haka shasi ba ya ruɓewa haka. Abin da ke samunsa tsagewa ce, daga lodi da gargadar hanya, kuma mai walda yana ɗinke tsaga ya ƙara ƙarfe a kai, aiki ya ci gaba. Inji da giya ne ke fara gajiya. Amma tunanin raba shasi da bodi ba baƙo ba ne a wurinmu: manyan motocin Bedford da Mercedes da aka riƙa sayowa da kai da shasi kawai, kafintoci su gina musu bodin katako, in ya tsufa a sauke a gina wani, tsari ɗaya ne aka juya. A Birtaniya ƙasan ake sauyawa a bar saman.

Defender ta ƙarshe ta fito daga Solihull ranar 29 ga Janairu, 2016, bayan an ƙera sama da miliyan 2 na wannan zuri'a. Wadda ta gaje ta, da aka nuna a 2019 kuma ake ƙerawa a Nitra ta ƙasar Sulobakiya, bodinta da shasinta abu ɗaya ne na alminiyam. Ta fi tsohuwar kare rai da daɗin tuƙi, kuma babu abin da za a kwance daga ƙarƙashinta a sauya a harabar gida. Attajirin nan Jim Ratcliffe ya ga akwai sauran kasuwa ga tsohon tsari, ya fito da Ineos Grenadier mai shasin tsani, wadda aka fara ƙerawa a Hambach ta Faransa a 2022, amma ita ma cike take da na'urorin kwamfuta da sifana ba ta iya yi musu komai. Don haka al'adar ta rage a kan adadin motocin da ba zai ƙaru ba. Ƙarfe ba zai zame musu matsala ba, tunda har yau ana iya yin odar sabon shasi na samfurin farko. Abin da zai yanke hukunci a kansu yanzu dokar hayaƙi ce, kuma tana raba su gida biyu. A Landan, inda aka faɗaɗa yankin harajin hayaƙi zuwa dukkan unguwanni a Agustan 2023, Series mai rajistar motar tarihi da ta haura shekara 40 tana shiga kyauta, Defender mai dizal ta 2005 kuwa, ko da jiya aka sa mata sabon shasi, sai ta biya fam 12.50 duk ranar da ta hau titi.